A Cikin Teku, Ji Ne Ya Kori Gani

Kwanan baya, a fadar da muke shan shayi da dare, wani abokinmu ya zo da littafin rubutun ɗiyarsa a hannu, fuska ba walwala. Yarinyar tana kolej, kuma malaminsu na SVT ya ba su aikin gida a kan manyan dabbobin teku. Ya buɗe shafin ya nuna mana zanen da ta yi: wata ƙatuwar halitta mai siffar kifi, tana feshi ta tsakar kai. Ya ce, "Don Allah ku faɗa mini, yarinyar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi tabkin Madarunfa girma ba, me za ta yi da wannan? Ga hatsi ya yi tsada, ga kuɗin magani, shi kuwa mushe yana can yana koya musu kifin Turawa." Aka yi dariya, aka zuba shayi na biyu, zance ya koma kan ƙwallo. Ni dai maganar ta bi ni har gida.

Tambayar tasa tana da tushe. Ƙasarmu ba ta da gaɓar teku ko taku ɗaya, lokacin karatu kaɗan ne, azuzuwa cike suke, kuma duk awar da aka ba wani darasi daga wani aka ƙwace ta. Duk da haka ina bayan malamin, har ma ina ganin bai kai inda ya kamata ya kai ba. Akwai wani ɓangare na labarin wannan dabba da nake so kowane ɗan kolej a Maraɗi da Damagaram da Tawa ya ji kafin ya gama: yadda masu bincike suka gano cewa hayaniyar da ɗan Adam ke zubawa a cikin teku tana cutar da ita, da yadda suka kafa hujja a kan cutar da ido ba ya gani. Darasi ne na neman gaskiya ta hanyar awo. Sannan, kamar yadda zan nuna, muna da hannu a cikin wannan hayaniya ko da ba mu taɓa hawa jirgin ruwa ba.

Dabbar da ke rayuwa da kunne

Mu fara da gyaran suna. Wannan dabba, wadda littattafan lekol ke kira balen, ba kifi ba ce. Da huhu take numfashi, haihuwa take yi, kuma tana shayar da ɗanta nono, kamar ayun da masunta suka sani a kogin Isa. Feshin nan da yarinyar ta zana numfashi ne da dabbar ke fitarwa ta hancin da ke saman kanta idan ta taso daga nutso. Iri-iri ne, manya da ƙanana. Babbarsu, shuɗiyar balen, tana kai tsawon mita 30 da nauyin da ya haura tan 100, kuma ba a san wata dabba da ta fi ta girma ba.

A tudu muna cewa gani ya kori ji. A cikin teku maganar ta juya. Hasken rana yana raunana da sauri a ruwa: idan an sauka mita 200 saura ɗan dishi-dishi, idan an kai mita 1000 kuwa duhu ne ƙirin dare da rana. Sauti shi ne ke da ƙafa a can. A iska yana gudun kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, a ruwan teku kuma kimanin mita 1500, wato ya ninka fiye da sau huɗu, kuma amo mai kauri yana yin tafiya mai nisa ƙwarai kafin ya mutu. Saboda haka dabbar da ke zaune a wannan duhu da kunne take neman abinci, da kunne take gane hanya, da kunne take samun abokin aure, da kunne uwa ke riƙe da ɗanta.

An daɗe ba a san haka ba. Waɗanda suka yi lekol a cikinmu sun san sunan Jacques Cousteau, Bafaranshen nan mai nutso, wanda fim ɗinsa na 1956 ya ci babbar kyautar bikin fina-finai na Kan. Sunan fim ɗin Le Monde du silence, wato duniyar shiru. Ashe shirun a kunnenmu yake. Wani injiniya mai suna Frank Watlington, da ke aikin sauraron ƙarƙashin ruwa wa sojojin ruwan Amurka a tsibirin Bamuda, ya yi shekaru yana naɗar wasu muryoyi masu ban mamaki. Masanin dabbobi Roger Payne ya saurare su, shi da Scott McVay suka nuna a 1971 cewa waƙa ce mai tsari, wadda balen mai doro ke rerawa tana maimaitawa baiti bayan baiti. Faifan waɗannan muryoyi da aka fitar a 1970 ya taimaka wajen juya ra'ayin duniya, har hukumar ƙasa da ƙasa mai kula da farautar balen ta yanke a 1982 cewa a dakatar da farautar kasuwanci, dokar ta fara aiki a 1986.

A shekarar 1971 ɗin dai, Payne da Douglas Webb suka lissafa cewa kiran wasu manyan balen, mai kaurin da kunnen mutum da ƙyar yake kama shi, yana iya ratsa ɗaruruwan kilomita, kuma suka yi gargaɗi tun a lokacin cewa ƙarar jirage tana rage wannan nisa. Masu haƙori daga cikinsu kuma dabarar jemage suke yi: su fitar da ƙara gajeriya, su saurari amsar da ta dawo, da ita su gane inda abinci yake da girmansa. Wani bincike da aka wallafa a 2017 daga gaɓar yammacin Ostareliya ya nuna cewa jaririn balen mai doro raɗa yake yi wa uwarsa, da murya ƙasa-ƙasa da ba ta wuce ɗan taƙi, mai yiwuwa don kada maharan teku su ji. Ku riƙe wannan raɗar a zuciya, za mu dawo kanta.

Ƙara iri uku

Ta farko ita ce ta jiragen dakon kaya. Fiye da kashi 80 cikin 100 na kayan cinikin duniya, idan aka auna da yawa, ta teku suke tafiya. Akasarin ƙarar jirgi daga farfela take fitowa: idan tana juyawa da ƙarfi sai ta haifar da dubban ƙananan kumfa, su kuma su riƙa fashewa ba ƙaƙƙautawa. Rugugin da ke fita mai kauri ne, daidai da muryar da manyan balen ke kiran juna da ita. Duk wanda ya taɓa ƙoƙarin yin magana kusa da injin niƙa ya san abin da ke biyo baya: ko ka ɗaga murya, ko ka maimaita, ko ka haƙura. An auna an ga haka dabbobin ke yi. Wasu suna ɗaga murya idan jirgi ya kusanto, wasu suna yin shiru har ya wuce. Bambancin shi ne injin niƙa ana kashe shi da dare, manyan hanyoyin jirage kuwa ba su san dare ba.

Ta biyu ita ce ta neman man fetur da gas. Jirgin bincike yana jan jerin bindigogin iska a bayansa, suna sakin matsattsiyar iska da ƙarfi cikin ruwa kusan kowace daƙiƙa 10 zuwa 15, dare da rana, makonni ko watanni. Amon yana huda ƙasan teku ya dawo, masana su karanta shi su gane inda mai yake. Na'urorin sauraro da aka dasa a tsakiyar tekun Atlantika sun kama wannan bugu daga nisan kusan kilomita 4000, kwatankwacin daga Yamai zuwa Jidda. Ba balen kaɗai ke ji a jika ba. A wani gwaji da masanan Norwe suka yi a tekun Barents, wanda aka wallafa a 1996, kamun kifi a yankin ya ragu da kusan rabi bayan an fara bugun, kuma bai farfaɗo ba har kwana biyar bayan an daina.

Ta uku ita ce sonar ta sojojin ruwa, na'urar da ke sakin ƙara mai tsananin ƙarfi don gano jiragen yaƙi masu nutso. Ita ba kullum ake kunna ta ba, amma ita ce aka fi kamawa da gawa a gabanta.

Ta yaya aka sani?

Nan ne zuciyar darasin. Man da ya malala a teku ana ganinsa, leda ana ɗaukar hotonta a cikin cikin kunkuru. Ƙara kuwa ba ta barin sawu. To ta yaya za ka tabbatar wa kamfanin jirage ko hafsan soja cewa ita ce mai laifi? Masu bincike sun bi hanyoyi uku, kuma kowace ɗaya tana cikin abin da muke cewa muna koya wa yara a darasin kimiyya.

Hanya ta farko, a auna abu guda a wuri guda a lokuta biyu. Sojojin ruwan Amurka sun naɗi amon teku kusa da tsibirin San Nikolas, a gaɓar Kalifoniya, tsakanin 1964 da 1966. Masu bincike suka koma wurin a 2003 da 2004 suka sake naɗa. Sakamakon da suka wallafa a 2006 ya nuna amo mai kauri ya ƙaru da desibel 10 zuwa 12. Malaman lissafi za su gane nauyin wannan adadi, domin ma'aunin desibel ba kamar tsani yake hawa ba: ƙarin desibel 3 yana nufin ƙarfin amon ya ninka biyu, ƙarin 10 kuma ya ninka goma. Ke nan cikin shekara 40 hayaniyar wurin ta ninka sau goma ko fiye.

Hanya ta biyu, a kwatanta lokacin da abin yake da lokacin da babu shi. Ba wanda zai iya tsayar da jiragen duniya don gwaji, amma wani bala'i ya yi hakan na ƴan kwanaki. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 a Amurka, zirga-zirgar jirage ta ragu a mashigin Fundi na ƙasar Kanada, inda wani irin balen da ya kusa ƙarewa ke kiwo. A daidai lokacin akwai masu bincike kashi biyu a wurin, kowa da aikinsa. Susan Parks tana naɗar muryoyin dabbobin, Rosalind Rolland kuma tana tattara kashinsu da ke yawo a kan ruwa don auna lafiyarsu. Sai bayan shekaru suka haɗa bayanansu, suka wallafa a 2012. Ƙarar ruwan ta ragu da desibel 6 a waɗancan kwanaki, kuma sinadarin da jiki ke fitarwa lokacin damuwa ya ragu a kashin dabbobin. A shekaru huɗu da suka biyo baya, a irin wannan lokaci na shekara, ba a sake ganin wannan saukar ba. Ku lura da abin da aka kafa hujja da shi: kashin dabba da haƙurin masu ajiye bayanai.

Hanya ta uku, a cire abin da ake zargi a ga ko cutar za ta tsaya. Akwai wani irin balen mai dogon baki, gwanar nutso, wadda aka auna ta sauka kusan mita 3000, aka kuma auna wata ta yi fiye da awa uku da rabi ba ta taso shan iska ba. A watan Mayu 1996 guda 12 suka fito gaɓar Girka suka mutu, a daidai lokacin da rundunar NATO ke gwajin sonar a kusa. A watan Maris 2000 irin haka ta faru a tsibiran Bahamas, kuma a ƙarshen 2001 sojojin ruwan Amurka suka amince a rahoto cewa sonar ɗinsu ce ta fi kama da sanadi. A watan Satumba 2002 guda 14 suka fito a tsibiran Kanari, a yammacin gaɓar Maroko, sa'o'i kaɗan bayan fara atisayen soja. Likitan dabbobi Antonio Fernández na jami'ar Las Palmas da abokan aikinsa suka feɗe gawarwakin, suka tarar da kumfar iska a jijiyoyin jini da gaɓoɓin ciki, irin abin da ke samun mai nutso idan ya taso da gaggawa. Bayanin da masana suka fi karkata gare shi shi ne firgita ce ke sa dabbar ta rikita tsarin nutsonta, iskar azot da ta narke a jininta ta taso kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe.

A 2004 gwamnatin Sifaniya ta hana amfani da irin wannan sonar a kewayen tsibiran Kanari. A 2013 Fernández da abokansa suka sanar cewa tun daga hanin ba a sake samun irin wannan mutuwar ta taro a wurin ba. Ruwa ba ya tsami banza, amma faɗar karin magana daban, nuna abin da ya tsamar da ruwan daban. A 2021 wata tawaga ƙarƙashin Carlos Duarte, malami a wata jami'ar kimiyya ta Saudiyya, ta bi diddigin bincike fiye da 500, ta samu kusan kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka shafi dabbobin teku masu shayarwa sun nuna ƙara tana yi musu illa.

Adalci ya sa a faɗi iyakar hujjar. Wancan balen na mashigin Fundi, wanda bai kai 400 ba a duniya yanzu, abin da ya fi kashe shi kai tsaye karo da jirage ne da sarƙewa a igiyoyin masunta. Binciken 2001 na kwanaki kaɗan ne a wuri ɗaya. Masu binciken da kansu sun faɗi haka, kuma wannan ma abin koyarwa ne: masani na gari yana gaya maka inda awonsa ya tsaya. Illar ƙara ta yau da kullum a hankali take ci. Tana rage lokacin kiwo, tana raba uwa da ɗa, tana ƙara gajiya a kan dabbar da dama tana fama da wasu matsalolin.

Ina hannunmu a ciki?

Yanzu mu koma ga abokina. Shinkafar da yake kukan tsadarta, da man girki, da maganin asibiti, da babur ɗin kabu-kabu, da wayar da ke aljihunsa, akasarinsu a jirgin ruwa suka zo kafin manyan motoci su ɗauko su daga Kwatano ko Lome. Mun ga zahirin haka daga 2023, lokacin da hanyar Benin ta rufe, farashi ya tashi a kasuwanninmu cikin ƴan makonni. Ƙasar da ba ta da teku ta fi kowa sanin darajar tashar jirgi. Tun 2024 kuma ɗanyen man Agadem yana bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2000 zuwa Seme a gaɓar Benin, inda manyan jiragen dakon mai ke zuwa su ɗauka.

Wannan ruwan da jiragen ke shiga ba fanko ba ne. Kowace shekara, daga wajejen Agusta zuwa Nuwamba, balen masu doro suna tasowa daga ruwan sanyi na kudancin duniya zuwa mashigin tekun Gini, daga Gabon har gaɓar Najeriya da Benin da Togo, domin aure da haihuwa. Wato ɗakin haihuwarsu yana bakin ƙofar da kayanmu ke shigowa, manmu ke fita. Jaririn nan mai yi wa uwarsa raɗa, wani lokaci a gefen jirgin da ya ɗauko mana shinkafa yake yin ta. Ban faɗi haka don wani ya ji kunyar cin tuwo ba. Na faɗa ne don a daina cewa zancen na Turawa ne.

Akwai kuma abin da ya fi wannan kusa da rumbu. Damina daga teku take zo mana. Iskar da ke kawo hadari tana kwaso laima ne daga tekun Atlantika, kuma bincike tun shekarun 1980 ya danganta manyan farin da suka ƙona Sahel, irin na 1973 da 1984, da sauyin zafin ruwan tekuna. Cibiyar AGRHYMET da cibiyar ACMAD, dukansu a Yamai, suna duba zafin saman teku kafin su fitar da hasashen damina. Don haka ilimin teku ilimin manomin gero ne, ko ya sani ko bai sani ba. Yarinyar da ta fara sha'awar teku ta dalilin zanen balen, ita ce gobe za ta iya zama mai karanta waɗannan alƙaluma.

Ta fuskar doka ma ba a bar mu a baya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 kan dokar teku, wadda Nijar ke cikinta, ta ba ƙasashe marasa gaɓa haƙƙi a babban teku, kuma a ma'anar gurɓatawa ta ambaci zuba abubuwa ko makamashi a ruwa. Sauti makamashi ne. A Afirka ta Kudu, al'ummomin masunta na gaɓar gabas sun kai ƙara, kotu a garin Makhanda ta dakatar da binciken bindigar iska na kamfanin Shell a watan Disamba 2021, a 2022 kuma ta soke izinin, daga cikin dalilanta har da rashin tuntuɓar mutanen wurin yadda ya kamata. Shari'ar ta ci gaba a kotunan sama, amma mutanen ƙauye sun nuna cewa wanda ya fahimci hujjar kimiyya yana iya tsayawa da ita gaban alƙali.

Cutar da ke da magani

Abin da ya bambanta ƙara da sauran gurɓatawa shi ne ba ta da saura. Leda tana shekaru aru-aru a ruwa, ƙara kuwa da an kashe ta ta tafi. Kuma babban maganin ba sabon abu ba ne a wurin Bahaushe: tafiya sannu-sannu kwana nesa. Wani lissafi da Russell Leaper ya wallafa a 2019 ya nuna cewa idan jiragen dakon kaya na duniya suka rage gudu da kashi 10 cikin 100, ƙarfin ƙarar da suke zubawa zai iya raguwa da kusan kashi 40, haɗarin karo da balen da kusan rabi, hayaƙin da ke ɗumama duniya kuma da kusan kashi 13. Tashar jirage ta Bankuba a Kanada ta fara neman jirage su sassauta gudu a wani mashigi tun 2017, kuma awo ya nuna ƙarar ta sauka. Gyaran farfela yana rage kumfa, yana kuma rage shan mai. A Jamus, masu kafa turakun injin samar da lantarki da iska a cikin teku suna kewaye wurin da labulen kumfa don tare amon, saboda doka ta sa musu iyaka.

Inda gizo ke saƙar shi ne hukumar sufurin jiragen ruwa ta duniya, mai mazauni a Landan, ta fitar da jagorar rage ƙara a 2014, ta sabunta ta a 2023, amma shawara ce, ba tilas ba. A ganina wannan bai isa ba. Ba na cewa a tsayar da jirage ko a bar neman mai. Mu da ke ƙarshen hanya mu ne za mu fara jin yunwar. Ina cewa a sa iyakar gudu a inda dabbobin ke haihuwa, a kauce wa watannin haihuwa wajen bugun bindigar iska, a kuma auna a faɗa wa jama'a. Ƙasashen da ke saye da sayarwa ta waɗannan tashoshi suna da bakin magana, in suna da mutanen da suka san abin da za su faɗa. Waɗannan mutanen yanzu suna zaune a azuzuwanmu.

Ga malamai da iyaye

Darasin ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Yaro ya ɗora kunne a kan tebur, wani ya ƙwanƙwasa can ƙarshe da farce, a kwatanta da abin da aka ji ta iska. A cika babbar roba da ruwa, a buga cokula biyu a ciki, yaro ya manna kunne a jikin robar daga waje. A ba su lissafi: tsakanin Maraɗi da Damagaram kimanin kilomita 240 ne, daƙiƙa nawa sauti zai yi a ruwa, nawa a iska? Za su samu ƙasa da minti uku a ruwa, kusan minti 12 a iska. A rufe wa ɗaya ido, abokinsa ya riƙa kiransa a hankali daga nesa, sannan sauran aji su fara buga tebur, a ga ko zai same shi. Wanda ya yi wannan wasa sau ɗaya ba zai manta halin jaririn balen ba. Ƴan lise kuma ga misalin logaritim da ya fi na littafi rai.

Daga nan sai a juyo da tambayar gida, domin hanyar binciken ɗaya ce. A 1975 Arline Bronzaft ta duba wata makaranta a birnin Niyok da jirgin ƙasa ke wucewa ta gefenta. Yaran azuzuwan da ke fuskantar titin jirgin sun kasance a baya wajen karatu idan aka kwatanta da na ɗaya gefen, a manyan azuzuwa tazarar ta kusa shekara guda. Aka sa roba a titin jirgin, aka gyara rufin azuzuwan, ta sake aunawa, a 1981 ta ba da rahoton cewa tazarar ta ɓace. Mu da ke da azuzuwan zana inda muryar malami ɗaya ke shiga aji uku, da makarantu a bakin titi, da injin niƙa ko lasifika a jikin katanga, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Kwamitin iyaye yana iya zama da mai injin a daidaita lokaci. Uwa tana iya duba ƙarfin abin da yaro ke toshe kunne da shi har barci ya ɗauke shi. Ba a buƙatar jika ko ɗaya don wannan.

Shi ya sa nake roƙon abokina, da duk uban da ya ga irin wannan zane a littafin ɗansa, kada ya rufe shafin da tsaki. Ya zaunar da yarinyar ya ce ta ba shi labarin dabbar. Idan ta ce ƙarar jirgi tana cutar da ita, ya tambaye ta: ta yaya aka sani? Idan ta iya amsawa da awon San Nikolas, da kashin mashigin Fundi, da hanin tsibiran Kanari, to ta samu abin da za ta auna maganar mai tallar magani da shi, da saƙon da ke yawo a WhatsApp, da alƙawarin ɗan siyasa. In kuwa ba ta iya ba, ta koma wa mushe da tambayar gobe da safe.